Altaneta mai amfiya 80 ta ƙone: a sa mai 120 ko mai 70?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Masana wutar mota, ga tambaya. Mota ta fito daga kamfani da altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, mai amfiya 80, ta ƙone, kuma ba a samu irinta sak ba. Guda biyu ne a ƙasa, mai 70 da mai 120, dukansu sun zauna a mazaunin. Wasu na cewa mai 120 za ta dafa batir ta ƙona kwamfutar mota, wasu na cewa mai 70 ba za ta kai ko'ina ba. Wacce za a ɗaura?

Oga Rewaya: Wa alaikumus salam. Mai 120, muddin soket da fuli sun yi daidai. Maganar dafa batir ba ta da tushe. Lambar amfiya da ke jikin altaneta iyakar abin da za ta iya bayarwa ce idan an nema, ba abin da take turawa dole ba. Kamar rijiya ce, komai yawan ruwanta abin da guga ya ɗebo shi ke fitowa. Idan fitilu da fanka da famfon mai suna jan amfiya 45, to 45 za ta bayar, ko mai 80 ce ko mai 200. Abin da ke dafa batir shi ne bolt, kuma regileta ce ke riƙe da shi, yawanci tsakanin 13.8 da 14.5. Regileta ta lalace ta saki wuta zuwa bolt 16, ko altaneta mai amfiya 50 ce sai batir ya tafasa, ƙwayayen fitila su yi ta mutuwa.

Mai Tambaya: To mai 70 fa, Oga? Bambancin amfiya 10 ne kawai.

Oga Rewaya: Yi lissafin dare mai ruwan sama ka gani. Fitilun gaba biyu masu wat 55 kusan amfiya 8 ne. Ƙananan fitilu da na dashbod 3 zuwa 4. Fankar cikin mota a ƙarshen gudu 15 zuwa 20. Fankar lagireto 10 zuwa 20, wasu motocin ma biyu gare su. Kulocin kwamfuresa 3 zuwa 4. Famfon mai 5 zuwa 8. Koyil da nozul da kwamfuta kamar 10. Waifa 5. Ka riga ka haura 60 ba ka ba batir komai ba. Altanetar da aka tilasta wa aiki a ƙarshen ƙarfinta kullum zafi ne ke kashe ta: banishin naɗin waya ya ƙone ya yi baƙi, dayod, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ya fashe, giris ɗin boris ya bushe. Kamfani bai zaɓi 80 don ado ba. A hau sama, kada a sauka ƙasa.

Mai Naɗin Koyil: Oga, na yarda da kai a kan mai 70, amma a mai 120 ka yi saurin yanke hukunci. Lambar nan da ake buga wa a jiki ana auna ta ne lokacin da altaneta ke juyi 6,000 a minti, kuma tana sanyi. Mota a tsaye cikin cunkoso ba ta ganin wannan gudun. Inji na silo a 700, fulin karanshaf ya ninka na altaneta sau biyu da rabi, altaneta na juyi 1,750 ke nan. A wannan gudun abin da take bayarwa rabi ne ko ya ɗan fi. Shi ya sa Bosch ke rubuta lamba biyu a takardar jiki, misali 14V 70/120A: ta farko a juyi 1,800, ta biyu a juyi 6,000. Lambar farkon ita ce ke raba gardama, don a silo ne batir ke zubewa.

Ga inda matsala take. Akwai mai 120 ta asali wadda aka ƙera da babban gida, akwai kuma ƙaramin gida na mai 80 da aka sake wa naɗi don ya kai 120. Ramukan ƙarfen ba su ƙaru ba, don haka in ka sa waya mai kauri dole ka rage yawan zagaye. Raguwar zagaye na ba da amfiya mai yawa a babban gudu, amma tana jinkirta lokacin da caji ke kamawa. Sai ka ga mai 120 ta sabon naɗi tana ba da ƙasa da ta asali mai 80 a silo. Ga kuma zafi: gida ɗaya, fanka ɗaya, farantin dayod ɗaya, an ɗora masa ƙarin rabin aiki. Irin wannan ba na ba kowa shawarar saye.

Oga Rewaya: Wannan gaskiya ne, Malam. Ina magana ne a kan ta kamfani. Sau da yawa inji ɗaya kan fito da altaneta iri biyu ko uku, ƙarama a motar da ba ta da kaya da yawa, babba a mai kujerun wuta da esi na baya. Idan mai 120 ɗin daga irin injin ta fito, ita ce mafi kwanciyar hankali, don ƙafa da fuli da soket duk za su zo ɗaya.

Mai Naɗin Koyil: Ita kam babu ja. Kuma in an samu irin Denso masu naɗin waya mai kusurwa huɗu, waɗanda aka lanƙwasa aka yi wa walda a bakin, sun fi cika ramin da tagulla, suna ba da wuta mai kyau tun daga silo. Ana gane su ta leƙa tagogin gida: wayar a jere take tsaf, ba a cukurkuɗe ba.

Injiniya: Ba wanda ya taɓa maganar waya, kuma nan ne gobara ke tashi. Babbar wayar da ta taso daga bayan altaneta zuwa batir an auna ta ne da mai 80. A ce kaurinta milimita murabba'i 10, tsawonta mita 2. Turjiyar tagulla 0.0175 ce a kowace mita ta milimita murabba'i ɗaya, don haka wannan wayar tana da om 0.0035. A amfiya 80 tana cinye bolt 0.28, zafin da take fitarwa wat 22. A amfiya 120 tana cinye 0.42, zafi ya koma wat 50. Amfiya ta ƙaru da rabi, zafi ya ninka fiye da biyu, domin zafi na bin amfiya sau amfiya ne. Wannan kuma sabuwar waya ce. Tsohuwa mai koren tsatsa a bakin tamina ta fi haka nesa.

Bakanike: Injiniya, ai yanzu aka ce mota abin da take bukata take ja. In ba a ƙara mata kaya ba, ta ina 120 za ta bi wayar? Ni a ganina canjin waya sai ga mai ƙara amfilifaya ko winci.

Injiniya: Ta batir, maigida. Batir ma kaya ne, kuma shi ba shi da tsayayyen ci. Wanda ya cika kaɗan yake karɓa. Wanda ya kwana da fitila a kunne aka tayar da shi da jamfa zai sha duk abin da aka miƙa masa a mintunan farko, amfiya 40, 50, ko fiye in babba ne. Haɗa da 60 na mota. Tsohuwar altaneta da ta kai 80 sai ta tsaya, bolt ya ɗan sauka, ita ce ke kare wayar ba tare da an sani ba. Sabuwar ba za ta tsaya a nan ba, za ta tura 110 ta cikin wayar da fiyus ɗin da aka yi don 80. Idan babban fiyus ɗin caji mai 100 ne, yana iya yankewa. Yankewarsa kuma inji na gudu daidai yake da cire batir, wutar ta rasa wurin zuwa, ta yi tsalle ta faɗa wa dayod da regileta.

Bakanike: To a canja fiyus zuwa 150 a huta.

Injiniya: A'a, don Allah kada a yi haka. Fiyus waya yake karewa, ba altaneta ba. Aikinsa shi ne in wayar ta goge ta taɓa bodi, ya yanke kafin batir ya zuba mata ɗaruruwan amfiya ta kama da wuta. Ka sa fiyus 150 a wayar da ba ta iya ɗaukar 150, wayar ta zama fiyus ke nan. Waya ake fara canjawa, sannan fiyus ya bi ta. A gajeriyar tafiya ta cikin gidan inji, waya mai milimita murabba'i 16 na ɗaukar wajen amfiya 100, milimita 25 na ɗaukar 120 zuwa 150, milimita 35 na kaiwa kusan 200. Masu duba lambar Amurka, lamba 4 kusan milimita 21 ce, lamba 2 kusan 34. In batir a but yake, tafiyar ta kai mita 4 ko 5, a ƙara mataki ɗaya ko biyu. Fiyus ya fi ƙarfin altaneta kaɗan amma kada ya wuce na waya, ga mai 120 da waya 25 fiyus 150 ya yi, kuma a sa shi kusa da kan batir, cikin tazarar taƙi ɗaya.

A kula da wayar da ake sayarwa mai kauri da sauƙin nauyi. Alminiyam ce aka yi wa fentin tagulla. A kankare bakin da wuƙa, in fari ya fito a ajiye ta. Tana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na abin da tagulla mai kaurinta ke ɗauka, kuma tana rubewa a bakin tamina.

Oga Rewaya: Ƙari a kan na Injiniya: ba sai an farke tsohuwar wayarin ba. A bar ta, a ja sabuwa daga notin bayan altaneta zuwa kan batir na fositib da nata fiyus. Sannan wutar da ta fita dole ta dawo, kuma ta jikin inji take dawowa. Wayar at, wato ta negatib, daga inji zuwa batir da ta batir zuwa bodi su ma a ƙara musu kauri daidai da ta caji, a goge wurin ɗaurin har ƙarfe ya yi ƙyalli. In at ɗin inji ta yi rauni, wuta na neman hanya ta wayar totur ko ta ƙananan wayoyin sensa, tana narkar da su.

Amma kafin a kashe kuɗin waya a auna. Inji a juyi 2,000, a kunna fitila da fanka da duk abin da ke kunnuwa. Mita a kan bolt, tsinke ɗaya a notin altaneta, ɗaya a kan batir na fositib: kada ya wuce 0.3, in ya kai 0.5 akwai aiki. Sannan tsinke ɗaya a gidan altaneta, ɗaya a kan batir na negatib: kada ya wuce 0.2. Daga 80 zuwa 90 ko 100, yawanci wayar kamfani na wucewa lafiya. Daga 80 zuwa 120 awo ne zai faɗa. Daga 80 zuwa 150 ko sama, kada ma a tsaya awo, a canja.

Malamin Lantarki: Ni abin da ya fi damuna a tambayar shi ne kalmar "sun zauna a mazaunin". Zama ba shi ne dacewa ba. Ƙaramar soket ɗin baya ita ce ke ƙona wa mutane kwamfuta, ba amfiya ba. Soket biyu na iya zama siffa ɗaya, ƙafa uku ko huɗu, amma aikin ƙafafun daban. A tsofaffin tsari L ta fitilar caji ce, IG wutar makulli, S kuma wayar da regileta ke jin bolt ɗin batir da ita. A Honda akwai C da FR, inda kwamfuta ke sauke caji ƙasa idan kaya ba yawa. A wasu Mazda ƙafafun P da D ne, regileta ma tana cikin kwamfuta. Motocin Chrysler da yawa kwamfuta ce ke sarrafa wutar rota kai tsaye. Ford da GM na aika umarni da siginar bugun wuta. Sababbi kuma waya ɗaya ce tak ta LIN, ko BSS a wasu motocin Jamus, kwamfuta da altaneta na magana da lambobi. Ka haɗa wayar da ke ɗauke da bolt 12 na makulli da ƙafar sigina, ko dai caji ya ƙi, ko fitilar batir ta zauna a kunne, ko wani abu ya ƙone a ciki.

Saboda haka a karanta haruffan da ke jikin takardar altaneta ko murfin baya, a gwada da na tsohuwar ɗaya bayan ɗaya. A mota mai LIN ma siffa da haruffa ba su isa ba, sai lambar kaya ta nuna an yi ta don wannan motar, domin regiletocin LIN ba duka ke jin yare ɗaya ba. Wadda ba ta ji ba takan koma cajin ko-ta-kwana wajen bolt 14 bayan an taka totur, mai mota ya ɗauka komai lafiya, alhali kwamfuta ta ajiye lambar matsala.

Mai Tambaya: Malam, wannan motar ƙafa uku ce, S da IG da L, kuma mai 120 ɗin haka aka rubuta mata.

Malamin Lantarki: To ka tsira daga wannan, sai dai ka tabbatar jerin ƙafafun ɗaya ne daga hagu zuwa dama. Ka kuma duba wayar S da kanta, makulli a kashe ya kamata ta nuna bolt ɗin batir cif. In fiyus ɗinta ya yanke ko ta yi tsatsa har tana nuna ƙasa da gaskiya, regileta za ta ɗauka batir bai cika ba ta ɗaga caji. Nan ne za a ce mai 120 ta dafa batir, alhali waya ce siririya ta jawo. Wata kila ma ita ta kashe ta farkon.

Bakanike: Bari in kawo nawa ɓangaren, fambel. Wuta ba kyauta take zuwa ba. Amfiya 120 sau bolt 14 wat 1,680 ne, kuma altaneta kusan rabin ƙarfin da ta karɓa take mayarwa wuta, sauran zafi. Wato a cikakken aiki tana jan dokin inji huɗu ko fiye ta cikin fambel. Fambel mai layi shida zai ɗauka. Siririn fambel guda mai siffar V yana fara kuka da santsi tun wajen amfiya 100, ya yi ƙyalli, baƙar ƙura ta taru a gaban altaneta. Mai layi huɗu ma a duba tenshina da kyau. Kuma kada a magance kuka da ɗaure fambel kamar tsirkiya, boris ɗin gaba da na famfon ruwa ne za su biya.

A ƙirga layukan fuli, a auna faɗinsa, a ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar fulin karanshaf a ga ko sun yi layi ɗaya. Kaucewar layi guda ta isa ta cinye gefen fambel ko ta jefar da shi. In tsohon fulin mai kuloci ne, wanda ke kamawa a gefe ɗaya ya sake a ɗayan, sabon ma ya zama mai kuloci. A sa sandararre a wurinsa, musamman a injin dizal, fambel zai riƙa kaɗawa a silo, tenshina ta mutu da wuri.

Mai Naɗin Koyil: Tunda an zo fuli, masu rage faɗinsa don caji ya kama a silo su yi lissafi. Dabarar na aiki, amma tana ninka gudun sama ma. Inji mai kaiwa 6,500 da ninki uku ya kai altaneta 19,500, yawancinsu kuma iyakarsu tsakanin 15,000 da 18,000 ne. Ƙaramin fuli kuma fambel kaɗan yake naɗe shi, santsi ya ƙaru. Sai kuma alkiblar juyi: tsofaffin injunan Honda irin B da D da F hagu suke juyawa. Altaneta za ta ba da wuta ko ta ina ta juya, amma fankar waje mai karkatattun fukafukai da fuli mai kuloci kowanne da alkiblarsa.

Direba: Ni dai gwajin da na sani bayan an ɗaura, a cire kan batir inji na aiki. In bai mutu ba caji na yi.

Oga Rewaya: Ɗan'uwa, a daina wannan gwajin kwata-kwata, ya dace da zamanin dainamo ne da motar da ba ta da kwamfuta. Batir ne ke shanye tsallen wuta. Cire shi altaneta na tsakiyar aiki, bolt na iya tashi zuwa 40 ko fiye na ɗan ƙiftawar ido, kuma mafi girman altaneta mafi munin tsallen. Gwajin bai ma nuna komai, altaneta mai mataccen dayod za ta riƙe inji a silo.

Ga gwajin kirki. Kafin komai a caja batir da caja har ya nuna 12.6 a hutawa, kada a bar sabuwar altaneta ta fara rayuwa da mataccen batir. A cire negatib kafin a taɓa notin baya. Bayan an tayar, a silo ba kaya a ga 13.8 zuwa 14.5. A kunna komai, inji ya yi zafi sosai, a sake dubawa a silo: in ya tsaya sama da 13 ta ci jarrabawa, in ya gangara ƙasa da 12.6 batir ne ke ciyar da mota. A juya mita zuwa AC a kan batir: in altaneta lafiya take, mita mai kyau za ta nuna ƙasa da bolt 0.1, in ya doshi 0.5 dayod ya tafi, kuma dayod ɗaya cikin shida na tafiya da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin. Wannan ya fi muhimmanci in mai 120 ɗin ta hannu ce. Mai mitar maƙalawa ya maƙala a babbar waya ya ga amfiya da idonsa. A ƙarshe a kashe mota, a jira ta yi barci, a auna abin da take sha: sama da miliamfiya 50 a bincika, dayod mai yoyo na shanye batir cikin dare.

Malamin Lantarki: Gyara ɗaya ga maganar ƙarin wayar at, don masu sababbin motoci da ke karantawa. In akwai ƙaramar sensa a kan negatib ɗin batir, ko zobe da wayar ta ratsa ta cikinsa, ita ke ƙirga abin da ke shiga batir da abin da ke fita. Sabuwar waya kada ta hau kan batir kai tsaye ta tsallake sensar. A ɗaure ta a ɓangaren bodi, bayan sensa, in kuma zobe ne ta bi ta cikinsa. In an tsallake, kwamfuta za ta yi lissafin ƙarya ta rage caji. Irin waɗannan motocin kuma da gangan suke sauke bolt zuwa wajen 12.5 a tafiya, su ɗaga shi kusan 15 in an saki totur, don haka a kunna fitilun gaba kafin a yanke wa altaneta hukunci.

Injiniya: Haka ma tsofaffin motoci masu agogon amfiya a dashbod, duk wutar caji ta cikin agogon take bi. Wanda aka yi don 40 ko 60 ba zai ɗauki 120 ba, bayan dashbod zai narke. A ja waya kai tsaye zuwa batir, a sa agogon bolt a madadinsa. Wanda kuma dalilinsa na neman babbar altaneta batir na biyu ne na litiyam don inbata, kada ya haɗa shi kai tsaye. Litiyam na shan duk abin da ya samu ba ya ragewa sai ya kusa cika, zai riƙe altaneta a ƙarshen ƙarfinta a silo inda fankarta ba ta gudu. A sa cajar DC zuwa DC mai iyaka, amfiya 30 ko 40, a tsakani.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. An auna wayar caji, milimita 10 ce, babban fiyus kuma 100. Fuli layi shida duka biyun, amma na mai 120 ya fi faɗi kaɗan.

Bakanike: In ramin shaf ɗaya ne, cire fulin tsohuwar ka mayar kan sabuwar, tsawon fambel da gudun silo su zauna yadda kamfani ya tsara. Da bindigar iska ake kwance notin, kada a cusa sukundireba cikin fanka don riƙe rota. Bayan an ɗaure a juya da hannu a tabbatar bayan fulin bai goga gida ba, in yana goga akwai washa, wato zoben ƙarfe, da ke shiga tsakaninsa da boris.

Injiniya: Wayar 10 da fiyus 100 kuwa ba za su zauna da mai 120 ba. Ja milimita 25 ta tagulla zalla da fiyus 150 kusa da batir, a matse kawunan da abin matsewa maimakon dalma kaɗai, a sa mata riga, a nisanta ta da manifol ɗin salansa, a mayar da hular roba kan notin baya.